Sanarwar Rasuwar Mai Tari, Kwamfutar da ke Juya Madubin Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai gyaran fanka na shagon da ke ƙasan benenmu, wanda Kawu ke kira Hawainiya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan sana'a rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Mai Tari. Ta rasu ranar Talata da hantsi, wajen ƙarfe tara da 'yan mintoci, a gindin matakalar bene, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa. Shekarunta sha huɗu a duniya, in dai takardar da ke manne a cikinta ba ƙarya ta yi ba. Uku daga ciki a hannuna ta yi su.

Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Karatuna bai yi nisa ba, aji biyu na sakandare na tsaya, kuma ko magana ce ni ba na yin ta da sauri. Dole ce ta sa na ɗauki biro. Tun ranar Talata magana ke yawo a benen nan, daga hawa na ɗaya har na huɗu, wai marigayiya ce ta ci amanar Kawu, ta juya madubin hangen taurari ta nufi rana da shi alhali idonsa yana ciki. Ido ɗaya gare shi, na dama, na hagun ya daɗe da mutuwa. Yau kwana biyar ke nan ba mu san ko na daman zai tsaya mana ba. Wadda ake zargi kuwa ba ta da bakin kare kanta, ko da ranta ma tari kawai ta iya. Shi ya sa zan faɗi tarihinta yadda yake, a san inda laifi ya kwana.

Marigayiya ta fara aiki ne a wani ofis da ban sani ba, inda aka mora ta har haruffa uku suka goge a jikinta. Wani injiniya da na naɗa wa koyil ɗin fankarsa ne ya bar mini ita, ya ce ta tsufa masa. Kafin ya tafi ya buɗe mini wata manhaja da ke cikinta, ya ce ko zan yi wasa da ita. Manhajar ba irin wadda ake rubuta wa Turanci layi-layi ba ce. Akwatuna ake jawowa da linzami a jera su a kan allo, a haɗa wannan da wancan da zare mai launi, abin da ya fito ta bakin wannan akwati ya bi zaren ya shiga wancan. Na duba, na sake dubawa, na ce a raina ashe wayarin ne, aikin da nake yi tun ina ɗan shekara sha uku. Ranar ce ta farko da wani abu na masu boko ya yi mini magana da harshen da nake ji.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Tsohon ma'aikacin safiyo ne, ya yi shekara talatin yana auna filaye da hanyoyi da ido a bakin gilashi. Da ya bar aiki sai ya ɗaga gilashin sama. Ya samo bututun ruwa mai faɗi, ya sa masa gilasai, ya kafa shi a kan ƙafafun ƙarfe a saman bene kusa da tankin ruwa, muka sa masa suna Dogo. To tauraro ba ya tsayawa wuri ɗaya, kana kallonsa yana silalewa, hannun Kawu kuma ya fara rawa. Kafin ya kamo tauraro a gilashi ya gyara zama, tauraron ya yi gaba. Na sha ganin tsohon nan ya sauko daga bene bai ga abin da ya hau gani ba.

Nan ne marigayiya ta shigo rayuwarmu da gaske. Na ciro ƙananan injina biyu daga wata matacciyar firinta na ɗaura wa Dogo, ɗaya na juya shi gefe, ɗaya na ɗaga kansa. Na ja waya mai tsawo daga ƙafarsa zuwa ɗan ɗakin da ke kan matakala, inda na ajiye Mai Tari a kan tebur. Wata bakwai ina jera akwatuna. Kawu yana ba ni lissafi a takarda, ni ina mai da shi zare. Ranar da Dogo ya fara juyawa da kansa, a hankali kamar mai ciwon wuya, ya je ya tsaya a kan wata ya kuma bi shi bai sake shi ba, Kawu ya ɗago kai ya ce, “Hawainiya, ashe kana da amfani.” Ban taɓa samun takardar shaida ba a rayuwata, sai wannan.

Masu zaman makoki sukan faɗi alherin mamaci, ni ma zan faɗi nata ba tare da ƙari ba. Mai haƙuri ce. Ba ta taɓa yi mini gorin karatu ba. In na haɗa zare ba daidai ba, ba ta zagi, sai dai zaren ya tsinke a kan allo, ta tsaya tana jirana, ko da zan kwana uku kafin in gane. Ta kai idon Kawu cikin ramukan wata. Ta kai shi ga tauraron nan mai zobe a ƙugu, ya yi ta dariya shi kaɗai kamar an ba shi labari. Ta tsayar masa da Kaza da 'Ya'yanta har ya ƙirga su ya ce kazar ta fi yadda ake faɗa haihuwa. Zafi ko sanyi, ba ta taɓa cewa yau ba za ta iya ba.

Muryarta kuwa har yanzu tana kunnena. In na kunna ta sai ta fara da kof, kof, sannan krrr mai tsawo kafin fankarta ta daidaita, daga nan ta samo sunanta. Ni da nake gyaran fankar mutanen unguwa ban taɓa gyara tata ba, don na saba da tarin, in ban ji shi ba sai in ga kamar ba a gaishe ni ba. In komai lafiya sai ta ce tit, sau ɗaya. A 'yan watannin nan ta koma cewa tit, tit, tit, sau uku, da wata irin murya kamar ta mai tambayar hanya. Da na san abin da take faɗa mini, da ban zauna ba.

Jinyarta ta zo ne a jere. Babban batirinta ne ya fara mutuwa, ya zama in wuta ta ɗauke ko da ƙiftawar ido ne sai ta suma. Sannan ramin da wayar Dogo ke shiga ya saki, wayar ta riƙa zamewa ana tsakiyar kallo, na ɗauko gam mai ƙarfi na liƙe ta gaba ɗaya, na ce an rabu da wannan. Na ƙarshe shi ne ciwon mantuwa. Akwai wani ɗan batir a can cikinta, bai fi maɓallin riga ba, aikinsa riƙe mata kwanan wata da lokaci in tana barci. Da ya ƙare, sai ya zama duk lokacin da ta farka tana ɗaukar cewa tsakar dare ne na ranar farko ta shekarar da aka ƙera ta. Kullum sai na gaya mata yau ga kwanan wata, ga ƙarfe kaza, kamar yadda ake tuna wa tsohuwa sunan jikokinta. Na sayo sabon batirin. Mako uku yana cikin aljihun teburina a shago. Sai an kwance kusoshi sha ɗaya kafin a kai gare shi, ni kuma kullum sai in ce gobe. Kawu ya tambaye ni sau ɗaya, na ce masa sannu ba ta hana zuwa. Ya ce, “Ƙarasa karin maganar mana.” Na yi dariya ban ƙarasa ba.

A cikin wannan hali ne Yaya, babbar 'yar Kawu, wadda take aikin jinya a asibiti, ta kafa doka, bayan da ya zame a matakala wata rana yana saukowa cikin duhu.

“Baba, in na ƙara jin ka hau benen nan da dare, ni da kaina zan kai bututun nan bola.”

“To, 'yar nan, da rana fa?”

“Da rana me za ka gani a can, shanya?”

Kawu ya yi murmushi ya ce ta amince ke nan. Da ta fita ya gaya mini Gamzaki, tauraron asuba, ba ya zuwa ko'ina in gari ya waye, yana nan a sama, hasken rana ne ke rufe shi. In ka san daidai inda yake ka saita gilashi, za ka gan shi fari tas kamar yankan farce. Mutum ba zai iya nemo shi da hannu ba, amma Mai Tari za ta iya. Sai dai ya ja kunnena da muryar da ban saba ji ba. Ya ce Gamzaki maƙwabcin rana ne, kuma gilashin da ke tara hasken tauraro haka zai tara na rana ya zuba shi cikin ƙwayar ido, kafin mutum ya ce wayyo an gama.

Na ɗauki maganar da nauyinta. Mako guda na yi ina gina akwati na musamman wanda ke lissafa inda rana take, ya hana Dogo kusantar wajen, in hanya ta bi ta kanta ya sa shi ya kewaye. Na kuma zana babban maɓalli ja a tsakiyar allo, na tsayawa, don ko-ta-kwana. Wata biyu muna kallon Gamzaki da hantsi lafiya lau. Abu biyu ne ban yi tunani ba. Akwatin gudun rana ba ya ganin rana, agogon Mai Tari yake tambaya. Jan maɓallin kuma na ɗaura zarensa a bayan akwatin tafiya maimakon a cikinsa, wato sai Dogo ya isa inda aka aike shi sannan ake duba ko an ce ya tsaya. Na gwada maɓallin ya fi sau goma. Duk gwajin da na yi, Dogo yana tsaye na yi shi.

Ranar Talata na hau da wuri, na kunna ta, ta yi tarinta, na gaya mata kwanan wata da lokaci, na cire wa Dogo murfi. Sannan na sauka na riƙo Kawu muka hau a hankali, hawa uku, yana hutawa a kowane. A cikin wannan ɗan lokacin wuta ta ɗauke ta dawo. Mai shagon ɗinki na ƙasa ya tabbatar mini daga baya, ya ce kekensa ya tsaya ya ci gaba. Ni ban sani ba. Mai Tari ta suma ta farfaɗo ita kaɗai a ɗaki, manhajar ta buɗe kanta kamar yadda na koya mata, allo ya koma daidai yadda na bar shi. Na tabbata ta ce tit, tit, tit. Ba kowa a wurin da zai ji.

Na zaunar da Kawu a kujerarsa, na koma ɗan ɗakin, domin allonta ba ya ganuwa cikin rana. Na danna Gamzaki. A lissafinta tsakar dare ne na wata shekara da ta daɗe da wucewa, rana tana can ƙarƙashin ƙasa, babu abin gudu a sama ko kaɗan. Ta yi aikinta da gaskiya bisa abin da ta sani. Dogo ya fara juyawa, zzz, zzz, ya nufi gabas.

Ƙa'ida ita ce ba a sa ido sai Dogo ya tsaya. Amma Kawu ya daɗe da karya ta. Yakan ce yana son ganin tafiyar, ya manna ido a gilashi ya riƙa bin sa da wuya, tunda Dogo ba ya sauri. Ni kuma ban taɓa iya hana babba abin da yake so ba.

Abin da na fara lura da shi inuwa ce. Ta ƙofar ɗakin ina hango inuwar Dogo a kan siminti, doguwa kamar kullum. Sai na ga tana gajarta. Bututu in ya fuskanci rana sosai inuwarsa takan dunƙule ta zama da'ira, duk mai aiki a saman bene ya san wannan. Na tsaya ina kallonta tana shigewa cikin kanta a hankali, kamar maciji na komawa rami. Na duba kusurwar allo, na ga shekarar da ke rubuce ba ta bana ba ce.

Na danna jan maɓalli. Ya lotsa a kan allo, ya nuna ya ji. Dogo bai tsaya ba. Na sake dannawa, na sake. Zzz, zzz.

Na ƙwala wa Kawu kira. Ni ba mai ɗaga murya ba ne, kunnensa kuma ya yi nauyi, ga mai walda na bakin titi ya kunna injin gurza ƙarfe. Duk da haka ya ji wani abu, domin ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya cire ido ba.

“Dakata, Hawainiya, sama tana yin fari.”

Tsakanina da shi akwai igiyoyin shanya cike da kaya, da bututun tanki a ƙasa. Ban san ko zan kai ba, har yau ina aunawa. Hannuna ne ya riga ni yanke shawara. Na ja wayar Dogo don in zare ta, gam ɗin da na sa da hannuna ya ƙi saki. Sai na kama marigayiya da hannu biyu na fizge ta da duk ƙarfina. Wayar ta fita da wani yanki na haƙarƙarinta, ita kuma ta suɓuce mini ta bi ta tsakiyar matakala. Na ji ta bugi ƙarfen hawa na uku, ta bugi na biyu. A ƙasa fankarta ta yi kof sau ɗaya. Ba ta kai ga krrr ba.

Dogo ya tsaya. Inuwarsa saura kaɗan ta zama da'ira. Kawu yana zaune, tafin hannunsa a kan ido, bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Da na iso na durƙusa gabansa ya sauke hannun ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, “Kai ne? Ina fuskarka ta tafi?”

Likitan ido ya ce gefen hasken ne ya taɓa shi, da tsakiyar ce da ba a wannan maganar. Hasken ya bar masa baƙin tabo a daidai tsakiyar duk abin da ya kalla. Yana iya raguwa ya ɓace, yana iya zama ke nan. Likitan ya ba shi magani da baƙin tabarau, ya ce mu dawo bayan mako biyu a ɗauki hoton cikin idon. Tun ranar, kullum da safe nakan tsaya a gabansa taku uku, ya gaya mini abin da ya gani. Ranar Laraba kunnuwana kawai. Jiya ya ce, “Kunnuwa suna nan, haɓa ma ta dawo. Hancin ne shiru, amma dai ba wata babbar asara ba ce.” Yau da safe cewa ya yi, “Kamar jiya.” Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Ranar Alhamis na gaya masa komai, batirin da ke aljihun tebur, zaren da na ɗaura a baya, gam ɗin. Ya saurara har na gama. Ya ce, “Ni kuma shekara talatin ina korar yara daga bakin gilashi kafin a saita shi. Raba laifin biyu, ka ba ni babban.” Ban karɓa ba. Yaya kuwa tun ranar Talata magana ɗaya ta yi mini, da ta miƙo hannu ta ce, “Makullin sama.” Na ba ta. Ba na ganin laifinta, ubanta ne.

Don haka ina roƙon mutanen bene su daina ambaton marigayiya da sharri. Ba ta yi ƙarya ba, abin da aka bar ta da shi ta yi aiki da shi, ta kuma yi gargaɗi da iyakar muryar da take da ita. Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, ƙarfe da roba ba su da hisabi. Mai hisabin yana nan yana rubutu.

Ta rasu ta bar Dogo, wanda ke tsaye a saman bene bayan ƙofa a kulle, da buhu a kansa, yana fuskantar gabas har yanzu domin ba mai juya shi. Ta bar injina biyu marayu, waɗanda wannan ne karo na biyu da suka rasa uwa. Ta bar linzami mai ɗingishi, da caja da aka ɗaure wuyanta da salatif. Akwatuna ɗari da wani abu da zarensu, aikin shekara uku, sun tafi tare da ita, domin ban taɓa kwafe su a wani wuri ba. Shi ma gobe na ce.

Game da jana'iza, gawar tana shago a cikin kwali, a saman kantar shagon, na tattara gutsattsarin allon na sa mata a gefe. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo sau biyu, na ba shi haƙuri. Ba a sa rana ba tukuna, kuma ba ni na hana ba. Kawu ne ya ce ba za a fitar da ita daga gidan nan ba sai ya gan ta da idonsa, gani na sosai, tsakiya da gefe, ya yi mata sallama. Saboda haka muna jiran Talata ta sama, ƙarfe goma na safe, abin da likita zai faɗa. In tabon ya ɗaga, washegari da la'asar za a sauko da Kawu shago, a buɗe kwalin a gabansa, duk mai hali ya zo. In kuwa likita ya ce ya zauna ke nan, ba za a tara kowa ba. Zan hau da ita ɗakinsa ni kaɗai in ɗora masa a cinya, ya shafa.

Masu zuwa gaisuwa kafin nan, ƙofa a buɗe take daga hantsi zuwa la'asar, hawa na biyu, ƙofar dama. A bar labule a sake yadda aka same shi. Kada a tambaye shi yatsu nawa ne wannan, ya gaji da ita. Wanda ya shigo ya faɗi ko shi wane ne tun daga bakin ƙofa, sannan ya ja kujera ya zauna a gefen Kawu na dama. Kada a zauna a gabansa, duk wanda ya zauna nan ba ya ganinsa.